DAGA ACI-BALBAL ZUWA FANKAR KWAMFUTA: TARIHIN HASKE A GIDAJEN HAƊEJIYA DA HANNAYEN DA KE HAƊA SHI

Gabatarwa

Duk Bahaɗejen da ya kai shekara 60 a duniya ya ga haske iri biyar a ɗakin mahaifiyarsa: aci-balbal, fitilar ƙwai, ƙwan lantarki, wutar janareta, sai kuma na baya-bayan nan, wato ɗan farin ƙwan nan mai cin batir ko hasken rana. Mukan rubuta tarihin sarakunanmu da yaƙe-yaƙensu, da na kogi da kasuwa, amma ba kasafai mukan waiwayi tarihin abin da ke haskaka tsakar gidajenmu bayan faɗuwar rana ba, balle na mutanen da ke haɗa shi. Wannan maƙala za ta bi sawun wannan tarihi ne, domin ya shafe mu kai tsaye, mu 'yan asalin wannan masarauta da ke zaune a Kano da Kaduna da Abuja da Legas. Mu ne muke sayen janareta da farantin sola da batir mu aika gida. Amma da yawa daga cikin wayoyin da ke lilo a bangon ɗakunan iyayenmu, yara ne suka ja su, waɗanda suka koyi aikin da ido kawai. Ya kamata mu san yadda aka yi aka zo nan, da abin da ya rataya a wuyanmu.

Zamanin mai da lagwani

Kafin zuwan Turawa, hasken gida abu ne da kowane gida ke samar wa kansa. Fitila ta yumɓu ce ko ta ƙarfe, man da ke cikinta na gyaɗa ne ko na kaɗe, lagwaninta kuwa tsumma ne ko zaren auduga da uwargida ta murza. A tsangayu, waɗanda ƙasar Haɗejiya ta yi suna da su, almajirai kan yo kara da kirare da yamma, a hura wuta a tsakiyar fili, a kewaye ta da alluna har dare ya raba. Kowa ya san haɗarin wannan haske, kuma kowa ya san dokarsa. Ba a barin fitila kusa da zana ko jinka, ba a barin yaro ya kwana da ita a kunne. Ilimin sarrafa wutar yana tafe tare da wutar, uwa na koya wa 'yarta, malami na koya wa almajirinsa.

Kananzir ya yaɗu ne tare da kantunan kamfanonin Turawa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sannan a zamanin Sarkin Haɗejiya Usman, wanda ya yi sarauta daga 1925 zuwa 1950, aka shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Nguru, aka kammala shi a 1930. Layin bai ratsa birnin Haɗejiya ba, ta Malam Madori da Birniwa ya bi. Gyaɗa da fatu suna fita ta waɗannan tashoshi, kananzir da ashana da fitilar ƙwai suna shigowa. Masu hali suka mallaki fitilar ƙwai, manyan ma'aikata da makarantun kwana suka sami fitilar Tilley mai famfo, wadda haskenta ke tara ƙwari da yara gaba ɗaya. Talaka kuwa bai tsaya jiran kanti ba. Masu aikin gwangwani suka ɗauki gwangwanin madara da aka yar, suka huda murfi, suka liƙa masa ɗan bututun lagwani, aci-balbal ta samu. Ita ta haskaka teburin mai shayi da tiren mai goro da kasuwar dare shekara da shekaru. A nan ne za mu fara ganin halin da har yau bai bar mu ba: abin da wasu suka jefar, yaranmu kan mayar da shi abin amfani.

Zuwan lantarki

Wutar lantarki ta fara aiki a Legas tun 1896, shekara 10 kafin Turawa su ci Haɗejiya da yaƙi a watan Afrilun 1906. Kano ta sami tata a wajejen 1930. A 1951, farkon zamanin Sarki Haruna, hukumar ECN ta fara aiki a matsayin mai kula da lantarki a ƙasa baki ɗaya. Aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, sannan a 1972 aka haɗe ECN da hukumar madatsun Kogin Neja aka sami NEPA, sunan da har gobe yara ke kira da ihu idan an kawo wuta, duk da cewa hukumar ta daɗe da shuɗewa. Dokar gyaran harkar lantarki ta 2005 ta maye gurbinta da PHCN, kuma a watan Nuwamban 2013 aka miƙa rarraba wuta a jihohin Kano da Katsina da Jigawa ga kamfanin KEDCO.

Kamar sauran manyan garuruwan tsohuwar Jihar Kano, lantarki ta shigo mana ne sannu a hankali. Turaku suka fara bin manyan tituna da ofisoshin hukuma da gidajen ma'aikata, kafin su kutsa cikin lunguna. Ƙirƙiro Jihar Jigawa a ranar 27 ga Agustan 1991, a zamanin Sarki Abubakar Maje, ya ƙara faɗaɗa aikin zuwa garuruwa da dama. Duk da haka, a cikin ƙananan hukumomi 8 na masarautar, wato Haɗejiya da Auyo da Birniwa da Guri da Kafin Hausa da Kaugama da Kirikasamma da Malam Madori, akwai ƙauyukan fadama da turke bai kai musu ba, akwai kuma waɗanda turakun ke tsaye amma wayar ba ta ɗauke da komai.

Bambancin lantarki da fitila shi ne, ita ba a ganinta, ba a jin warinta, kuma kaka ba ta san dokarta ba balle ta koya wa jika. Aikin hukuma kuwa a bakin mita yake tsayawa. Daga mita zuwa cikin ɗakuna, alhakin maigida ne. Ƙwararrun masu wayarin ba su da yawa, kuɗin aikinsu ya fi ƙarfin talaka, gidajenmu kuma na ƙasa ne da azara, ba a gina su da hanyar bututun waya a cikin bango ba. Saboda haka aka shiga bin bango da waya ana danne ta da ƙusa. Maƙwabci ya ce wa maƙwabcinsa, "Don Allah ja mini ƙwai ɗaya," sai a tsallako da waya ta kan katanga. Ƙwai ɗaya ya zama biyu, aka ƙara rediyo, aka ƙara fanka, daga baya aka ƙara dutsen guga, alhali wayar farko ita ce dai ke ɗauke da kayan duka. Wanda ke yin wannan aiki a unguwa yawanci yaron mai gyaran rediyo ne, ko wanda ya taɓa riƙe wa wani mai wayarin tsani na 'yan watanni.

Makaranta ta so ta cike wannan giɓi. Mu da muka fito daga kwalejojin horon malamai a shekarun da suka biyo bayan shirin ilimin firamare kyauta na 1976, mun shaida shigowar tsarin 6-3-3-4 a 1982, wanda ya kawo darasin share fagen fasaha a ƙananan sakandare, har da koyon haɗa ƙwai da makunni da batir. Niyyar kyakkyawa ce. Amma a makarantu da dama a faɗin ƙasar nan, injunan da aka sayo daga ƙasashen waje sun tsufa a cikin akwatunansu, saboda babu ɗakin aiki, ko babu wutar da za ta juya su, ko babu malamin da ya san kansu. Yaro ya haddace sunayen kayan aiki ya ci jarrabawa, hannunsa kuwa sai a bakin kasuwa ya koyi abin da ya koya.

Janareta, wayar salula da batir

Yawan ɗaukewar wuta ya haifar da zamani na gaba. Ƙananan janaretoci masu araha suka cika kasuwa, wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, sana'ar cajin waya ta buɗe, inda za ka ga allo guda an jera masa soket 30 ko fiye, duk haɗin hannun mai shagon. A farkon shekarun 2000 ɗin ne kuma gwamnatin Jigawa ta lokacin ta mayar da hankali ga harkar kwamfuta, aka buɗe cibiyar koyar da ita a Kazaure, kwamfutoci suka shiga ofisoshi da shagunan buga takardu. Kwamfuta kuwa takan tsufa, kuma idan ta mutu ba dukan kayan cikinta ke mutuwa ba.

A can wata duniyar, masana uku 'yan asalin Japan, wato Akasaki da Amano da Nakamura, sun gano yadda ake samar da shuɗin haske na ƙwan LED a farkon shekarun 1990, aikin da ya sa aka ba su lambar Nobel a 2014. Daga wannan bincike ne aka sami farin ƙwan da muke gani yau, wanda mai wat 9 ke ba da hasken da ya kai na tsohon ƙwai mai wat 60. Wannan ya sauya lissafi baki ɗaya, domin yanzu batirin babur ma yana iya haskaka ɗaki. Kananzir ya yi tsada har lita ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2022, aci-balbal da fitilar ƙwai suka ja da baya. Janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 ya sa janaretoci da yawa suka yi shiru. A watan Oktoban 2024 kuma, lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta Arewa ta jefa jihohinmu cikin duhu fiye da mako guda. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan al'amura ya ƙara tura jama'a ga sola da batir, ya kuma ƙara wa yaran unguwa aiki.

Daga cikin abubuwan da suke haɗawa, babu wanda ya kai fankar kwamfuta ban sha'awa. A cikin kowace kwamfutar tebur akwai 'yar fanka mai faɗin tafin hannu, wadda aikinta shi ne fitar da zafi daga cikin na'urar. Da bolt 12 take aiki, daidai da batirin mota ko na babur, kuma abin da take ci bai cika wuce wat 2 ko 3 ba. Yaro zai ciro ta daga matacciyar kwamfuta, ya haɗa jar wayarta da ɓangaren batir mai alamar tarawa, baƙar kuma da mai alamar ɗebewa, ya kafa ta a jikin katako ko kwali, ya ƙara 'yan ƙwayayen LED a gefe. Wanda ya san zafin Haɗejiya a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, ya san darajar wannan 'yar iska a kan jariri a cikin gidan sauro, ko a kan tsoho marar lafiya. Waɗannan yara jikokin masu ƙera aci-balbal ne a sana'a, kuma sun cancanci yabo.

Inda haɗarin yake

Sai dai masu iya magana sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Yaron da ya saba da bolt 12, wadda ba ta jan mutum idan ya taɓa ta da busasshen hannu, yakan ɗauka wutar gida ma haka take. Ita kuwa bolt 230 ce, kuma abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya ɗaya ba, idan ya ratsa ƙirjin mutum, yana iya tsayar da zuciyarsa.

Manomin rani zai fi kowa saurin gane yadda abin yake. Bolt kamar ƙarfin turin injin ban-ruwa ne, amfiya kamar yawan ruwan da ke gudu, waya kuwa ita ce tiyo. Idan aka tura ruwa mai yawa ta siririn tiyo, fashewa zai yi. Waya ita zafi take yi, robar jikinta ta narke, ta kama abin da ke kusa. Shi ya sa ƙa'idar aikin ta ware waya mai kaurin murabba'in milimita 1.5 don ƙwayaye, mai 2.5 don soket, wadda ta fi su kauri kuma don na'urori masu cin wuta sosai. A kasuwa akwai wayar da aka shafa wa launin tagulla alhali cikinta ba tagulla ba ce, kuma arahar da ke jan mai saye ita ce ke jawo gobara. Haka nan mahaɗar da aka murɗa da hannu aka naɗe da leda, kullum tana sassautawa tana tartsatsi. Fiyus kuma an yi shi ne domin ya tsinke kafin waya ta ƙone, don haka wanda ya gaji da tsinkewarsa ya maye gurbinsa da ƙusa ko kakkaurar waya, ya kori maigadi ne ya bar ƙofa a buɗe. Launin waya ma yana rikita na koyo. A tsohon tsarin Ingila da muka gada, ja ce mai wuta, baƙa ce ta komawa. A sabon tsarin da Ingila ta koma daga 2004, ruwan ƙasa ce mai wuta, shuɗiya ce ta komawa. Duka biyun suna nan a kasuwanninmu, wani lokaci ma a cikin gida ɗaya.

Batir ma yana da nasa sharrin. Na'urar da ke cin wat 60 ba ta jan fiye da kusan rubu'in amfiya a wutar gida, amma a batir mai bolt 12 amfiya 5 take ja, kusan ninki 20 ke nan. Ashe wayar batir ta fi bukatar kauri, saɓanin abin da yara ke zato. Idan wayoyin batirin mota biyu suka haɗu, ɗaruruwan amfiya ke kwarara nan take, wayar ta yi ja kamar garwashi, shi ya sa ake sa fiyus dab da kan batirin. Batir mai ruwa yana fitar da iska mai kamawa da wuta yayin caji, bai dace da rufaffen ɗakin kwana ba. Janareta kuwa hayaƙinsa yana ɗauke da guba marar wari da ke kashe masu barci, kuma idan aka jona shi da wayar gida ba tare da makunnin sauya layi ba, wutarsa takan koma kan turke ta sami ma'aikacin da ke gyara a sama yana zaton layin a mace yake.

Ruwa da wuta

Akwai wani haɗari da ya keɓanta da mu mazauna bakin kogi. Duk da madatsun Tiga da Challawa da aka kammala a 1974 da 1992, Kogin Haɗejiya bai daina cika yana tumbatsa ba. Mun ga ambaliyar 2001 da 2012 da 2018 da 2020 da 2022, mun ga yadda matasa suka kwana suna cika buhuna da ƙasa suna tare jinga. Jiƙaƙƙen jiki da jiƙaƙƙiyar ƙasa hanya ce buɗaɗɗiya ga lantarki. Bangon ƙasa idan ya sha ruwa yakan saki ƙusoshin da ke riƙe da waya, idan ya zube kuma ya janyo ta ƙasa. Soket da batir da inbata da aka ajiye a daɓe su ne farkon abin da ruwa ke cimma. Don haka gidan fadama yana bukatar abin da gidan tudu zai iya sakaci da shi: a ɗaga soket da batir sama da inda ruwa ya taɓa kaiwa, a kafa wayar ƙasa ta ƙwarai, a sa na'urar nan mai yanke wuta da kanta da zarar ta ji yoyon miliamfiya 30, kowa a gidan kuma, har mata da yara, ya san inda babban makunni yake. Gidan da ruwa ya shiga, kada a mayar masa da wuta sai ya bushe an duba shi.

Kammalawa

Abin da wannan tarihi ya nuna mana shi ne, tun daga fitilar yumɓu har zuwa farantin sola, hasken cikin gida a ƙasar Haɗejiya bai taɓa barin hannun masu gida da yaran unguwa ba. A zamanin mai da lagwani, haske da iliminsa tare suke tafiya. Tun zuwan lantarki kuwa, kaya ke riga ilimi isowa. Hana yaran nan taɓa waya ba zai yiwu ba, kuma ba shi ne alheri ba, domin a ƙauyuka da yawa babu wani sai su. Abin da zai yiwu shi ne a cika musu saninsu, tunda icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Muna ba ƙungiyarmu shawara uku. Ta farko, rassanmu na gida su tattara sunayen matasan da ke wannan aiki a kowace gunduma, a nemi haɗin kan cibiyoyin ilimin da muke da su, irin su Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Binyaminu Usman da ke Haɗejiya, a shirya musu horo na 'yan makonni a lokacin hutu. Ta biyu, a ɗauki nauyin waɗanda suka nuna ƙwazo su zauna jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, mai matakai 3, daga nan su nemi takardar shaidar ƙwarewa ta hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta ɗora wa alhakin tantance masu aikin wayarin. Yaron da ya riƙe waɗannan takardu ya sami sana'ar da za ta ci da shi a ko'ina cikin ƙasar nan. Ta uku ta shafi kowannenmu a karan kansa. Duk wanda zai aika sola ko janareta gida, ya sa kuɗin waya ta ƙwarai da fiyus da makunnin sauya layi da ladan ƙwararre a cikin lissafinsa tun farko. Idan kuma ya je gida hutun salla, bayan gaishe-gaishe, ya ɗaga kai ya dubi bangon ɗakin mahaifiyarsa, ya bi wayar da ido daga inda ta shigo har inda ta ƙare, ya sa a gyara abin da ya gani kafin damina ta faɗi.

Allah ya tsare mana iyayenmu da gidajenmu daga gobara da ambaliya, ya yi wa matasanmu albarka a sana'o'insu, ya ƙara wa masarautar Haɗejiya zaman lafiya da bunƙasa, amin.